Takalmin Robar da Aka Bar Mini a Ƙofar Ɗakin Bakwaini

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, sabuwar malamar asibiti a Talata Mafara, da farar riga da farin takalmi, ina tafiya ina ɗaga ƙafa kamar kaza a kan ƙasa mai zafi don kada ƙura ta taɓa ni. Ina ji da kaina ƙwarai, kuma duk wanda ya san ni a lokacin zai shaida haka. Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, barci ma sai ya ga dama yake zuwa. Na daɗe ina ɗauke da wannan magana ni kaɗai, na gaji da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka zan faɗe ta yadda take, amma ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

Asalina daga wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, a bakin gulbi. Ba sai na faɗi sunansa ba, domin ko kun je nema ba za ku same shi ba, yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori. Ina da wayona aka kwashe mu a manyan motoci aka kai mu sabon matsuguni, wuri mai tsakuwa wanda ko gero sai da lallashi yake fitowa. Babana, mutumin da yake da fadamarsa da rumbunansa, ya koma ɗan ƙodago a gonakin noman rani na wasu. Kullum da la'asar zai dawo da taɓo har gwiwa, ya bushe ya daddare, faso ya tsattsaga masa dugadugai. Ni ce nake kawo masa ruwa a kwarya ya wanke ƙafa. Ina son babana, Allah ya sani, amma na tsani warin taɓon nan. Na kuma tsani yadda nake ganin dattawan garinmu suna tsugunne a ƙofar ofis tun safe, wani yaro mai biro a aljihu yana kora su da bayan hannu yana cewa su dawo gobe. Ba tausayinsu ne ya fi kama ni ba, kunya ce. Tun lokacin na ƙudurta a raina cewa in Allah ya raya ni, ni ce zan zauna a ciki, wasu su tsaya a waje. Da malamin firamarenmu ya zo ya roƙi a bar ni in wuce gaba, babana bai ja da shi ba. Ya ce ba shi da gonar da zai bar mini, in je in nemi wadda ruwa ba ya ci.

Haka na yi ta tafiya har na shiga makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato. A can ana zagayawa da ɗalibi ɗaki-ɗaki don ya ga kowane irin aiki. Ɗakin maza bai yi mini ba, ɗakin haihuwa kuma ihu da jini da dangin mai naƙuda da suka cika baranda da tabarmi da kwanuka. Ko'ina na juya mutanenmu ne, da warin hayaƙi da man shanu a tufafinsu, da doguwar gaisuwarsu wadda ba ta ƙarewa. Sai ranar da aka kai mu ɗakin bakwaini, wato inda ake ajiye jariran da aka haifa lokacinsu bai yi ba da waɗanda suka zo da wahala. Kafin ka shiga sai ka sauya takalmi. Ƙofa a rufe take, ciki tsit, da ɗumi, jarirai suna kwance cikin kwalba ba mai magana, ba mai ƙorafi, ba mai tambayar ki 'yar gidan wa ce. Abokan karatuna duk gudun ɗakin suke yi, wai aikin ya yi yawa, ciyarwa kowane awa biyu, ga mutuwa ba ta ɗaga ƙafa. Ni kuwa ina shiga na ji kamar na iso gida. Da aka tambaye ni dalilin zaɓensa, na ce innata ta rasa bakwaini biyu, ina so in hana wasu iyaye irin wannan kuka. Maganar gaskiya ce, innata ta rasa, amma ba ita ce dalilina ba. Ƙofar nan da ake rufewa ita nake so, kuma ko ni kaina ban yarda na faɗa wa kaina haka ba sai daga baya.

Da na gama aka turo ni wani asibiti a Mafara mai ɗan ƙaramin ɗakin bakwaini, kwalba biyu da gadaje huɗu. Mai kula da ɗakin wata dattijuwa ce Kirista daga kudancin ƙasar nan, kowa Sista yake ce mata. Ta daɗe a garin har Hausarta ta koma ta Zamfarawa, in tana magana a bayan labule ba za ka ce baƙuwa ce ba. Sista tana da wata al'ada da ta ba ni mamaki tun ranar farko. A bakin ƙofa ta ajiye daro da buta da sabulu, da wata koriyar riga a rataye jikin ƙusa. Duk jaririn da aka kawo, sai ta aika a kira ubansa, ta sa shi ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya wanke ƙafa da sabulu, ya zura rigar nan, ta buɗe masa 'yar tagar kwalba ya sunkuya ya yi wa ɗansa huɗuba, ya yi masa kiran salla a kunne ya raɗa masa sunansa. Duka-duka ba ya wuce minti biyar. Ni da na dawo daga kwas na wata shida a babban asibiti, kaina cike da labarin ƙwayoyin cuta, sai na ga abin ƙauyanci ne. Na gaya mata a can inda na yi kwas ko likita ba ya shiga haka kawai, balle manomi. Ta yi dariya ta ce sabulu ne yake kashe ƙwayar cuta, ba rufe ƙofa ba. Ta ce ita ba addininta ba ne, amma ta ga iyaye maza da yawa sun fita daga ɗakin nan da gawar jariri, kuma wanda ya samu ya yi wa ɗansa magana a kunne tafiyarsa daban take da ta wanda bai samu ba. Ita ce babba, amma a raina na ce tsohuwa ce, zamani ya wuce ta.

Ana nan cikin bazara, lokacin dashen shinkafa a gonakin dam, aka aiko wa Sista mahaifiyarta ta rasu. Ta ɗauki hutun mako biyu ta damƙa mini makulli. Motarta ba ta kai Gusau ba na ɗauke daron nan na tura shi ƙarƙashin tebur, na ninke koriyar riga na jefa a kabad. Na samu kwali na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a shiga, na manna a ƙofa, a garin da mafi yawan masu zuwa ƙofar ba su karanta boko. Na tsaya na kalli kwalin nan na ji daɗi har cikin raina.

Ranar Laraba aka kawo wata mata daga wajen Bakura a bayan a-kori-kura, ciki wata bakwai, tana jijjiga ba ta san inda kanta yake ba. Aka samu aka raba ta da cikin, namiji. Tafin hannuna biyu suka ɗauke shi, fatarsa ja siririya, ana ganin jijiyoyi. Ya yi ɗan kuka kamar na 'yar kyanwa, ya yi shiru. Na sa shi a kwalba, na zura masa siririyar roba ta hanci wadda ake ba su nono da ita. Uwar tana can ɗakin mata, ko da ta farfaɗo bayan kwana biyu ba ta iya ko zama. A ranar Larabar, ba a jima da haihuwar ba, aka ce uban yaron yana ƙofa.

Ina buɗe ƙofa na gane shi, shi ma ya gane ni. Maƙwabcinmu ne a tsohon garinmu, katangar zana ɗaya ta raba gidansu da namu. Bayan tashin gari shi ya gangara ƙasar Bakura, wajen hanyar Damri, yana ƙodago a gonakin shinkafa. Ya tafa hannu ya kira ni da lakabin da ake kirana da shi a gida, wani suna na yarinta da na shekara goma ina binne shi. Ya ce ashe ɗiyar wane ce, ashe ɗiyarsa ce ma, shi ne fa ya ɗora ni a wuya ya miƙa ni cikin mota ranar da aka kwashe mu ina kuka ina neman 'yar akuyata. Ya shiga gaisuwa, ina babana, ina innata, ina wane, ina wance, ya ƙafar Baba, ya haƙurin wuri. Masu shara biyu suna gefe suna ƙunshe dariya, wani matashin likita da nake so ya ɗauke ni wayayya ya zo wucewa ya maimaita lakabin nan yana murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na amsa gaisuwar a tsaitsaye, sama-sama, kamar mai amsa wa baƙon da ya yi ɓatan kai.

Sai ya kawo buƙatarsa. Ya ce ciki huɗu matarsa ta yi duk suna zubewa, wanga yaro shi ne na farko da ya zo duniya ya yi kuka. Ya ce akwai sunan da yake ajiye da shi a zuciya shekara da shekaru bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matar. Abin da yake roƙo kawai a bar shi ya shiga ya yi wa ɗansa huɗuba, ya ji muryar ubansa, in ya so ya fito, ba zai taɓa komai ba. Na sunkuyar da kai na dubi ƙafarsa. Ba takalmi. Taɓo ya bushe har ƙwauri, faso ya buɗe baki a dugadugai, ga warin nan da na sani tun ina kawo ruwa a kwarya. Na nuna masa kwalin ƙofa na ce doka ce, ba a shiga. Ya ce to yaushe. Na ce ya dawo gobe mu gani. Kalmar ta fita daga bakina sumul, ban ma ji nauyinta ba, alhali na san inda na koye ta.

Ya dawo gobe, ya dawo jibi. Da asuba yake shiga gona ya yi abin da zai iya, ya hau tsohon kekensa ya taso, da hantsi yana Mafara. Sai ya leƙa matarsa, ya zo ya zauna a benci ƙarƙashin dogonyaro daidai ƙofar ɗakina. Duk lokacin da na buɗe ƙofa zai miƙe tsaye ya cire hula ya mayar, ya ce sannu Malama, ya mai jiki. Ya daina kirana da lakabin nan, da alama ya lura ba na so, kuma wannan ma yau yana cikin abin da yake ci mini rai. Yakan zo mini da tumatir da albasa a ƙullin tsumma, in karɓa da yatsa biyu in ba masu shara. Ranar Juma'a ina cikin ba jarirai nono na ji wata murya ƙasa-ƙasa ta bayan ɗaki. Na waiwaya na gan shi ya zagayo ya kafa baki a tagar da ke kusa da kwalbar ɗansa, ya ɗaga dugadugai, ya fara kabbara a hankali. Bai kai ga shahada ba na taka na rufe tagar, na ce ƙudaje suna shigowa. Ta cikin gilashi na ga ya ɗaga mini hannu alamar ban haƙuri, kamar shi ne ya yi laifi.

Kada ku ɗauka sakaci na yi da yaron. Wallahi ban taɓa yi wa wani jariri hidima kamar shi ba. Ni nake zuwa ɗakin mata in taimaka wa uwar a tatsi ɗan abin da ya samu, in ɗura masa da sirinji ɗigo-ɗigo. In an ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, in dafa ruwa in zuba a kwalabe in naɗe da tsumma in kewaye shi da su. Abincina ma a tsaye nake ci. Ina so ya rayu, har da son Sista ta dawo ta tarar na raya bakwainin da kowa ya fid da rai da shi, ba tare da daronta ba. Ina gaya wa kaina kare shi nake yi daga cuta, kuma akwai gaskiya a ciki, ƙazanta tana kashe irin waɗannan jarirai. Amma daro yana ƙarƙashin tebur, sabulu yana nan, ruwa yana randa. Kullum ƙafata tana bugun daron nan in na zauna rubutu.

Ranar Litinin ya tare ni a baranda da ladabi, har yana rusunawa, mutumin da ya kusa sa'an babana. Ya ce don Allah in gaya masa ainihin abin da ya hana, in abin da zai iya gyarawa ne ya gyara, domin jibi kwana bakwai, ba ya so ranar suna ta zo yaro bai ji sunansa daga bakin ubansa ba. Na gaji, kaina yana ciwo, ina so kawai ya ba ni hanya. Na ce masa da wannan ƙafar ba zai taka mini ɗaki ba, in yana so ya shiga sai ya zo da takalmi mai tsabta wanda bai taɓa shiga gona ba. Na faɗa ne don in sallame shi, ina ganin mai ƙodago ina zai bi ta kan takalmi ga mata a kwance. Sai na ga fuskarsa ta washe. Ya ce ashe abin ke nan, ai da na faɗa tun ranar farko. Ya ce gobe Talata, kasuwa tana ci, in Allah ya yarda an gama. Ya yi mini godiya har da addu'a, ya tura kekensa ya tafi yana sauri.

Safiyar Talata yaron ya juya. Cikinsa ya kumbura, jikinsa ya yi fari-fari kamar toka, numfashi yana ɗaukewa sai na shafa tafin ƙafarsa ya dawo. Likita ya zo ya duba, muka yi duk abin da ake yi, ya dube ni ya girgiza kai ya fita. A lokacin ne uban ya faɗo mini a rai. Na durƙusa na jawo daron nan, na cika buta, na ciro koriyar riga daga kabad, na buɗe ƙofa da ƙafa ina shirin ce masa ya zo maza. Bencin ba kowa. Kwana biyar a jere hantsi bai taɓa yi ba yana wani wuri sai ranar. Na duba gindin dogonyaro babu keke. Na aika ɗakin mata aka ce bai iso ba, na aika bakin get aka ce ba a gan shi ba. Na tsaya a baranda da daro a hannu kamar mai talla, ruwa yana zuba a kan farin takalmina. Na san inda yake, ni na aike shi.

Na koma ciki na buɗe tagar kwalba na sa bakina a kunnen yaron. Na yi kalmomin kiran salla, amma da na zo wurin suna sai na tsaya, domin ban san shi ba. Ba kuma muryata yaron ya kwana shida yana jira ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya cika. Na zare masa robar hanci, na goge shi, na naɗe shi cikin zanin da uwarsa ta zo da shi, na zauna ina jiran abin da ba ni da bakin faɗa.

Gab da azahar na ji ƙarar keke. Ya sa wankakkiyar riga, ga takalmin roba sabo fil baƙi ya ɗaure da igiya ya rataya a wuya don kada ya taɓa ƙasa. Ya dirje ƙafarsa da dutse a bakin kanal, magudanar ruwan gonakin dam, har fason ya yi jini. Tun daga nesa yake ba ni haƙurin latti, wai masu takalma ba su kwance kaya da wuri ba, kuma sai da ya zagaye rumfa huɗu kafin ya samu wanda ya shige shi, ƙafar manomi faɗi gare ta. Ya zauna a dokin ƙofa ya kakkaɓe tafin ƙafa ya zura takalmin, ya miƙe ya nuna mini yana murmushi, ya ce ya yi ko. Ban san yadda aka yi maganar ta fito ba, na dai ji kaina ina cewa sai haƙuri, yaro ya koma. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya maimaita, ya dafa bango. Ya daɗe yana kallon takalmin da ke ƙafarsa. Can ya ɗago ya tambaye ni, cikin ladabin nan nasa da ya fi zagi zafi, ko yanzu an yarda ya shiga.

Na matsa masa. Ya ga daro a bakin ƙofa ya tsuguna ya wanke hannu da sabulu ba wanda ya ce masa, ya wanke sosai, kamar har yanzu akwai abin da zai iya cutar da yaron. Na miƙa masa shi. Ya buɗe zanin ya kalli fuskar, karo na farko da ya ga ɗansa ba gilashi a tsakani. Ya ce kama da kakansa ya yi. Sai ya janye zanin daga kunnen, ya sunkuya ya yi kiran sallar nan tun daga farko har ƙarshe bai yi gaggawa ba, sannan ya raɗa sunan. Ban ji shi ba, ya yi ƙasa da murya ƙwarai. Da ya gama ya juyo ya ce Allah ya saka mini da alheri, masu shara sun gaya masa ko zama ba na yi saboda yaronsa, kwana ne ya ƙare. Ya ce in na je gida in gaida Baba. Da ya kai ƙofa ya tsaya ya tuɓe takalmin, ya jera shi a jikin bango ya daidaita. Ya ce in bar shi nan, ko wani uban zai zo daga gona irinsa, kada a tsayar da shi. Ya rungume ɗansa ya fita ba takalmi, yadda ya saba zuwa.

Da Sista ta dawo ta ga takalmi a ƙofa ta tambaya, na gaya mata komai ban rage ba. Na so ta yi mini faɗa, ko ta kai ni gaba, ko ta mare ni ma. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɓamɓare kwalin ƙofa ta ninke shi ta sa a kwandon shara, ta mayar da koriyar riga kan ƙusarta, ta ce in je in ci abinci, ƙarfe biyu akwai ciyarwa. Bayan wata guda na je gida wajen Maradun. Na tarar labari ya riga ni, mutumin ya haɗu da babana a wajen wata jana'iza ya yi ta yabona a gaban jama'a, wai ɗiyar wane ta riƙe masa ɗa kamar ƙanenta. Babana yana ba ni labarin idonsa yana ƙyalli, ya ce yau ya san bai yi asarar barina in yi karatu ba. Dawowarsa ke nan daga gona. Na tashi na ɗebo ruwa na durƙusa na wanke masa ƙafa da hannuna, abin da ban taɓa yi ba ko ina yarinya, ya yi ta mamaki yana janyewa. Ban iya gaya masa gaskiya ba, har ya bar duniya ban gaya masa ba. Shi ma mutumin na sha cewa zan hau mota in je Bakura in nemi gafararsa, kullum ina cewa gobe, har aka ce mini ya rasu. Ban taɓa jin an yi suna a gidansa ba.

Shekara talatin da wani abu na yi a ɗakunan bakwaini. Na raya da yawa da ikon Allah, wasu yanzu da gemunsu suke zuwa gaishe ni, na kuma naɗe da yawa cikin zani, har na daina ƙirga. Takalmin nan ƙafafu da yawa sun shige shi har ya tsage, in ya tsage in shiga kasuwar Talata in sayo wani, mafi faɗi da na samu. Duk inda aka mayar da ni da daro da takalmi nake tafiya, ƙananan ma'aikata suna yi mini dariya a bayan ido yadda na yi wa Sista. Na san ko da na bar shi ya shiga tun ranar Laraba, mai yiwuwa yaron ba zai rayu ba, rai na Allah ne. Likitoci sun gaya mini haka, malamai sun gaya mini haka. Amma ba rai mutumin ya roƙe ni ba. Minti biyar ya roƙa, kuma suna hannuna, na hana shi don ƙafarsa ta tuna mini inda na fito.

Abin da ya sa na rubuto, 'yan mata da yawa suna zuwa wurina, har da jikokin 'yan'uwana, suna cewa suna sha'awar aikin jarirai, in ba su shawara. Shawarata ita ce kowace ta zauna ita kaɗai ta tambayi kanta abin da take so a ɗakin nan, ta ba kanta amsar gaskiya, ba irin wadda ake ba masu tambaya a makaranta ba. In farar riga ce, ko shirun ɗakin, ko ki samu ƙofar da za ki rufe tsakaninki da mutanenki, don Allah ki nemi wani aikin. Aikin nan gajiya ne da tsayuwa da ciwon baya, kuma duk jaririn da ke cikin kwalba akwai wani a zaune a benci saboda shi, rabin aikinki yana wurin wannan mutumin. Ku kiyaye tsabta, ban ce ku yi wasa da ita ba, amma ku ajiye ruwa da sabulu a bakin ƙofa. Kada ku ce wa uban bakwaini ya dawo gobe, domin su waɗannan jarirai ba kowanne ne yake da gobe ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, ya sa mutumin nan da ɗansa. Ni dai har yau in ana raɗin suna a unguwarmu da safe, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan yaro, sai in ajiye abin da nake yi in saurara, ina cewa a raina ko wannan ne sunan.